Bayan Farin Ƙyalle

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba,
motar majigi ta shigo ƙauyenmu ta hanyar Birnin Kudu.
Aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin darbejiya biyu,
muka zube a turɓaya, manya a baya,
mu a gaba kamar kaji an watsa tsaba.

Sai ga hadari a jikin ƙyalle.
Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Nomau, wanda bai yi dariya ba tun shuka ta biyu,
ya miƙa tafin hannunsa sama,
ya jira.
Ƙwari ne kawai ke iyo cikin hasken.

Ni kuwa na zagaya baya in ga inda ruwan ke taruwa.
Ta can ma sheƙawa yake,
sai dai mai cin tuwo da dama ya koma ci da hagu,
akuyar Ilu na kwance tana tuƙa,
ƙasa a bushe ƙamas.

Da asuba Malam Cindo ya ce, me ya ba ku mamaki?
Mutanen da sun riga ku gani, ba su biya ko kwabo ba.
Sun ce duniya kawalwalniya ce,
mai ƙishi ke bin ta da tulu.
Sun ce barci muke ido biyu,
ranar da aka ɗaure mana haɓa za mu farka.
Na ce, Malam, to yunwar nan fa?
Ya ce, tashi ka wanke allonka.

Kakata Tabawa kwana biyu tana kukan wani saurayi
da aka soke cikin ƙyallen.
Aka ce, Iya, bai mutu ba, biyansa aka yi ya faɗi.
Ta share majina da bakin zane,
ta ce, ni wa ya biya ni?

A kogon dutse akwai shanun da wani ya zana da jar ƙasa
tun kafin a raɗa wa garin suna.
Ba a taɓa tatsarsu ba.
Garken da ya kalla ya zana ya koma turɓaya,
shi ma mai zanen haka.
Inuwar ce ta rage
tana kiwo a jikin dutse, rani da damina.

Yau ni ke da gidan kallo a bakin kasuwa,
benci shida, rufin kwano, naira ɗari kowane kai.
Jiya muka sa wani fim,
an gaya wa mutum gidansa da matarsa da ɗanɗanon miyarsa
duk na'ura ce ke saƙa masa yana barci.
Yara suka yi tsit.
Nan fetur ya ƙare, inji ya yi tari biyu ya mutu.
Cikin duhu ɗan gidan Barau ya mintsini kansa,
ya ce wayyo,
aka fashe da dariya,
amma ba wanda ya yi saurin tashi.

Da Malam Cindo na nan da ya gyaɗa kai.
Da na sake tambayarsa yunwar nan fa.

A wayata akwai daƙiƙa goma sha tara.
Innata ce tana sheƙar gero a bayan rumbu,
tana cewa, kai, kawar da abin nan daga fuskata.
Damina uku ke nan da muka rufe ta.
Na sani sarai haske ne da gilashi,
na zagaya bayan ƙyalle tun ina ɗan shekara bakwai.
Amma duk sanda ta ɗaga ƙwarya,
iska ta kwaso ƙaiƙayi ta nufo ni,
sai na runtse ido.